IN MOTA TA TAƁA KA A KAN KEKE, KADA KA YI SAURIN CEWA "BA KOME"

Jama'ar zango, akwai wata al'ada tamu wadda ta ke da kyau a zaure, amma ba ta da kyau a bakin titi. Mutum ya faɗi daga kan keke, ko mota ta taɓa shi, sai ya yi wuf ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya duba ko ƙafar keken ta lanƙwashe, ya ce, "Ba kome, Allah ya kiyaye." Direba ya ba da haƙuri, 'yan kallo su ce a yafe, kowa ya kama gabansa. A kan wannan "ba kome" ɗin mu ke so mu yi magana, gama mun ga abin da ta jawo a unguwarmu nan Kumasi.

Ɗan wani maƙwabcinmu, mai kai burodi kanti kanti tun da asuba, ya yi karo da wata motar haya, kan keken ya daki cikinsa wajen hagu. Ko ƙwarzane babu. Ya tashi ya tsince burodinsa ya ƙarasa aikinsa. Bayan la'asar sai gumi mai sanyi ya karyo masa, ya ce kafaɗarsa ta hagu na ciwo, yana ganin duhu. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce saifarsa ce ta fashe, tun safe jini ke zuba a ciki. Da sauran kwana, aka yi masa aiki ya tashi. Amma ba wanda ya rubuta lambar motar, sai da ubansa ya sayar da raguna biyu kafin ya biya kuɗin magani.

Ku sani, lokacin da mutum ya firgita jikinsa ba ya jin zafi sosai, sai ya huce. Saboda haka wanda ya faɗi ba shi ne zai ce lafiyarsa lau ba. In kansa ya bugu har ya suma, ko da na ɗan lokaci ne, ko ya yi amai, ko ya manta yadda abin ya faru, asibiti za a nufa nan take. In ma bai yi ko ɗaya ba, a sa masa ido kwana biyu. Ciwon kai mai ƙaruwa, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko magana a birkice, ko ruwa mai fita ta kunne ko hanci, alamu ne na cewa an taɓu a cikin kai, kuma ba a jiran gari ya waye.

Ku kuma masu taimako, a rage gaggawa. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ƙafafunsa sun mutu, kada a ciccibe shi a cusa a taksi, domin a wurin ciccibar nan a ke mai da karaya shanyewa. A tsare masa hanya, a riƙe kansa kada ya juya, a buga 112 a nemi motar asibiti. Kada a ɗura masa ruwa, ko da ya ke mun san tausayi ne ke sa a yi haka. In jini na zuba, a sami tsumma mai tsabta a danne wurin da ƙarfi kamar minti 10, ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba.

Rauni na fata kuwa, magani na fari shi ne ruwa mai tsabta da sabulu, a wanke sosai har tsakuwa da ƙasa su fita. Toka, da garin taba, da baƙin man mota, da kashin shanu, duk ba su da gurbi a nan. Ƙasar zangonmu, inda tumaki da shanu ke yawo, tana ɗauke da ƙwayar tetanos, watau ciwon nan mai sandare haɓa da dukan jiki. Yakan ɓoye kwana 3 har zuwa 21 kafin ya bayyana. Wanda ya shekara 5 rabonsa da allurarsa, in rauni ya yi datti, sai ya je a yi masa ran nan.

Batun maɗora fa? Ba mu raina su ba, iyayenmu ne, kuma da yawa cikinmu sun taka ƙasa ta dalilinsu. Amma hannu ba ya ganin abin da hoton ƙashi ke gani. A fara ɗaukar hoto a asibitin Komfo Anokye, wanda mu ke kira Gii, ko Korle Bu ga na Ankara, ko babban asibitin Tamale ga na arewa. In ƙashi ya huda fata, wannan aikin likita ne kaɗai. In kuwa an yi ɗauri, sa'an nan yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka daina ji, a kwance shi maza a tafi asibiti.

Sauran magana ta takarda ce, nan ne kuwa mutanenmu suka fi yin hasara. Tun 1958 dokar Ghana ta tilasta wa kowace mota inshora domin wanda ta ji wa ciwo, mai keke kuwa yana cikinsu. Amma kamfani ba ya biya da baki. A rubuta lambar mota, a karɓi sunan shaida ɗaya ko biyu, a ɗauki hoton keken kafin a kai shi wurin mai gyara. A je wurin 'yan sanda a ba da rahoto, su ba da takardarsu wadda likita zai cika. Kowane rasit, ko na sidi 5 ne, a adana shi. In direba ya gudu, ko motarsa ba ta da inshora, hukumar inshora ta ƙasa tana da asusu domin irin wannan, amma ita ma sai da rahoton 'yan sanda. Doka ta ba da shekara 3 a kai ƙara a kan rauni, in sun wuce ƙofa ta rufe. Katin inshorar lafiya kuma kada a bari ya mutu, ana sabunta shi ta waya da *929#.

Mun san za a ce, ai mu ba mu kai ɗan'uwa ga hukuma, sai a je gaban Sarkin Zango a sasanta. Madalla, sulhu alheri ne. Sai dai mu a ganinmu a jira likita ya faɗi girman ciwon tukuna, domin mutum ya san abin da ya ke yafewa. Direba yakan zo da dattawansa ran nan da dare, da 'yan kuɗi a hannu da takarda a aljihu, alhali ba a san ko ƙafar za ta sake taka feda ba. Wanda bai iya karatun takardar ba, ya kira ɗaya daga cikin 'ya'yanmu 'yan makaranta ya karanta masa ita tun daga sama har ƙasa kafin ya dangwala yatsa.