Lafiyar 'Ya Mace Daga Balaga Zuwa Tsufa

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami da littafi a hannu, ko a Bilbis, ko a 'Yandoto wadda ta yi suna da ilimi tun kafin jihadi, ko a cikin birnin Gusau, ya san ɗalibi ba ya yin nisa cikin Ahalari ko Risala sai ya iske hukuncin haila da nifasi, inda malaman Malikiyya suka ƙididdige kwanakin jinin mata cikin natsuwa, suka ce iyakar haila kwana 15 ne, iyakar jinin biƙi kwana 60, abin da ya zarce haka kuwa ya zama istihala, watau jinin ciwo, sai mace ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta. Fuƙaha'u sun tsaya a kan hukuncin salla da azumi, domin shi ne fagensu; amma da suka kira shi jinin ciwo sun bar wata tambaya a buɗe, wadda ba ta da mai amsawa sai masanin ɗibbu: wane ciwo ne, mene ne mafarinsa, kuma ina maganinsa? Abin baƙin ciki shi ne, mace takan tambayi malam ko sallarta ta inganta, ta sami fatawa, ta koma ɗaki da ciwonta, alhali kuwa lissafin nan da ta riga ta iya shi ne abu na farko da likita zai nema daga bakinta.

Al'amarin lafiyar mace a sarƙe yake tun daga ƙuruciya har zuwa furfura, ta yadda sakacin da aka yi a wani mataki, a mataki na gaba ake biyan bashinsa. Yarinya takan fara ganin al'ada tsakanin shekara 11 zuwa 15, jinin ya ɗauki kwana 2 zuwa 7, ya riƙa dawowa bayan kwana 21 zuwa 35, ko da yake a shekarun farko ba ya cika tsayawa a kan ƙa'ida ɗaya. Kowane wata tana asarar sinadarin ƙarfe wanda jiki ke gina jini da shi, saboda haka idan abincinta bai wuce tuwo da miyar da ba ta ga wake ko zogale ko nama ba, ga kuma zazzaɓin cizon sauro yana cin nasa rabo kowace damina, to za ta shiga ɗakin miji da ƙarancin jini tun ciki bai zo ba. Ban da haka, ganin jini ba ya nufin ƙashin ƙugu ya gama buɗewa, domin shi yana ci gaba da girma shekaru bayan balaga, kuma ta cikinsa ne kan jariri zai ratsa.

Wannan magana ba daga wata ƙasa aka kawo mana ita ba, a Zariya aka tabbatar da ita. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, suka buga sakamakon a 1985, inda ya bayyana cewa mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda ba a kawo su asibiti sai al'amari ya riga ya ɓaci. Sun kuma ga wani abin mamaki, cewa ƙananan 'yan mata masu cikin fari da aka ba su maganin kariya daga zazzaɓi tare da ƙwayoyin ƙarin jini sun ƙara tsawo a cikin watannin cikin nan, har aka sami sauƙin yawan waɗanda sai da tiyata suka haihu. Awon ciki ke nan, wanda wasu ke ɗauka ɓata lokaci ne ga macen da ba ta kwanta ba: a auna hawan jini, a duba fitsari, a gwada yawan jini, a yi allurar rigakafin sandarewar jarirai, a ba da maganin zazzaɓi daga wata na huɗu, a kuma lura da kwanciyar ɗa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sadu da ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta sauka.

Idan ranar ta zo, abubuwa uku ne suka fi ɗaukar rayukan matanmu, kuma kowanne yana da alamarsa da maganinsa. Na farko zubar jini bayan haihuwa, wanda galibi ke faruwa idan mahaifa ta kasa tsukewa ko kuwa wani yanki na mabiyiya ya maƙale, kuma yana iya gamawa da mace mai cikakkiyar lafiya cikin sa'a biyu. Ana tsai da shi da allurar oksitosin ko ƙwayar misoforostol. A 2023 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci sashensa na ƙasar nan, aka ga cewa idan aka shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni wadda ke tara jinin a gan shi da ido, sa'an nan aka haɗa magunguna gaba ɗaya ba tare da jiran wannan ya gaza kafin a gwada wancan ba, munanan sakamakon zubar jini suna raguwa da kashi 60 cikin 100. Na biyu jijjiga, wadda mutane da yawa ke jingina wa iskoki har a tsaya hayaƙi da tofi, alhali mafarinta hawan jini ne na ciki, kuma takan yi sallama kafin ta shigo, da ciwon kai mai tsanani, da dishi-dishin gani, da kumburin fuska da hannuwa.

Na uku ita ce doguwar naƙuda, kuma a kanta ya kamata a daɗe, domin wadda ta tsira daga gare ta sau da yawa takan fita da tabon da ya fi ƙarfin haƙuri. Idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugu, ko kuwa ya zo a karkace, sai mahaifa ta yi ta tura shi kwana ɗaya, biyu, har uku, yana danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina isa naman da ke tsakani, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki da haihuwa, wadda galibi ɗan ba ya zuwa da rai, sai mataccen naman ya zube ya bar kafa, fitsari ya riƙa tsiyaya dare da rana ba tare da ikon mai shi ba. Wannan shi ne yoyon fitsari. Yankan gishiri kuwa, wanda wasu ungozomomi da wanzamai ke yi da aska da niyyar buɗe hanya, ba ya ƙara wa ƙashi faɗi ko da ƙwayar gero, sai dai ya huda mafitsarar da kansa, ko ya jawo zubar jini. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, wanda ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina a 1983 ya iske wannan musiba ta fi kuturta neman hannunsa, ya yi wa dubban mata ɗinki, ya horar da likitoci masu yawa, ya kuma nuna cewa idan aka sa wa mace robar fitsari da wuri, ƙaramar kafa takan haɗe da kanta ba tare da wuƙa ba. Yau Babbar Ruga cibiya ce ta ƙasa, akwai kuma cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, kuma a Gusau ma an yi wannan aiki a asibitin Farida. Ciwo ne mai warkewa, ba kuwa dalilin saki ba ne, ko na ware mace da ƙwaryarta a bayan gida.

Bayan sauka lafiya sai jego, inda al'adarmu ta tanadi gata mai yawa ga mai haihuwa, na hutu da abinci da kulawar uwa, abin da ya cancanci a riƙe shi da kyau. Amma tun cikin shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa a makonnin biƙi, har kimanin ɗaya cikin 100, suka danganta hakan da kunun kanwa mai yawan gishiri, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye da abokansa suka yi daga baya a Kano da sauran sassan ƙasar ya nuna cewa rama da talauci da hawan jinin ciki suna da babban hannu a ciki. Ko ta wace fuska aka duba, hukuncin ɗaya ne: mai jegon da numfashinta ke sarƙewa idan ta kwanta, ƙafafunta suka kumbura, tari ya hana ta barci, asibiti take bukata a ranar, kuma ƙara mata kanwa ƙara wa zuciyarta kaya ne. Haka nan tazara tsakanin haihuwa da haihuwa, wadda kakanninmu suka kiyaye har suna ƙyamar kwanika, ta dace da shayarwar shekara biyu da Alƙur'ani ya ambata, ta kuma dace da wata 24 da likitoci ke so mace ta huta kafin wani cikin.

Sa'ad da shekaru suka miƙa, tsakanin 45 zuwa 55, haila takan ja baya har ta ɗauke, tare da zafin jiki mai tasowa farat ɗaya, da gumin dare, da ƙarancin barci, waɗanda duk ɗabi'a ce ta halitta. Abin da ba ɗabi'a ba shi ne jini ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewarsa, ko a riƙa ganinsa bayan saduwar aure, ko ruwa mai wari ya daɗe yana fita ana ta shan maganin sanyi ba sauƙi, ko a ji ƙullutu a mama. Sankarar bakin mahaifa, wadda a 2020 ta kama mata kimanin 12,000 a Nijeriya ta kashe kimanin 8,000, wata ƙwayar cuta ce ke haddasa ta mai suna HPV, wadda kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana ɓarna a ɓoye kafin ta zama daji, kuma a duk tsawon wannan lokaci gwaji mai sauƙi yana iya gano ɓarnar a kawar da ita. Tun watan Oktoba na 2023 gwamnati ta shigar da rigakafinta cikin alluran da ake yi kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak. Watau abin da zai kare tsohuwa, a hannun yarinya ake yinsa.

To, tunda ilimin yana nan, magungunan kuma ba masu tsada ba ne, me ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya? Jinkiri ne hawa uku. Akwai na cikin gida, inda mai cikin fari ke danne naƙudarta saboda kunya, ko a zauna jiran izinin maigida yana kasuwar wani gari. Kunya ado ce kuma yanki ce ta imani, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai na hanya, wanda mutanen Bilbis da ƙauyukan Tsafe da Bungudu suka fi kowa saninsa a waɗannan shekaru na rashin tsaro, da mota ba ta yarda ta fita bayan magariba. Akwai kuma na asibiti, idan an isa ba jini, ko ba ma'aikaci. Na biyu da na uku haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma wajibi ne a yi ta tuna mata. Amma magidanci ma yana da abin yi tun ciki yana wata bakwai, ya bar izini a bayyane ko yana nan ko ba ya nan, ya ware kuɗi, ya yi magana da direba, ya san 'yan'uwan da za su ba da jini, idan kuwa an ce cikin mai haɗari ne, ya kai ta ta zauna wajen dangi a Tsafe ko Gusau tun kafin wata ya kama.

Saura magana ɗaya, wadda ita ce tushen sauran. Da yawa daga cikinmu ba sa son namiji ya duba iyalinsu, kuma wannan kishi ne da ake fahimta. Sai dai wanda ya ƙi likita namiji, ya kuma cire 'yarsa daga makaranta, ya rufe ƙofa biyu a lokaci guda. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albabi da barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, Imamu Gazali tun da daɗewa ya lissafa ilimin ɗibbu cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai yinsu laifin ya hau kan kowa. Ga kwalejin koyon aikin lafiya a Tsafe, ga makarantar jinya da ungozoma a Gusau. Kowace gunduma da ta ɗauki nauyin 'ya'yanta mata biyu ko uku suka yi wannan karatu suka dawo gida, ta sauke farilla, ta kuma sama wa matanta wadda za su gaya wa ciwonsu ba tare da sunkuyar da kai ba. Allah Ya ba mu ikon yi, Ya sauki masu ciki lafiya.