Antiya, ƙwaron hamada mai farin ɗigo

A cikin hamadar Sahara akwai wani baƙin ƙwaro mai farin ɗigo a baya. Masana kimiyya suna kiran shi Anthia sexmaculata. Wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Fabricius ne ya fara bayanin shi a shekara ta 1787. Antiya yana cikin dangin ƙwari masu gudu bisa ƙasa, waɗanda ire-irensu suka fi 40.000 a duniya.

Ina ake samun shi?

Ana samun shi a arewacin Afirka, tun daga Maroko, Aljeriya, Tunisiya da Libiya har Masar. A kudancin hamada kuma yana rayuwa a Muritaniya, Mali, Nijar da Cadi. Yana son wuri mai rairayi da ƴan itatuwa. Idan rana ta yi zafi, sai ya ɓuya cikin rami ko ƙarƙashin ciyawa.

Yaya ake gane shi?

Tsawonsa yakan kai santimeta 3 zuwa 4. Jikinsa baƙi ne, da ɗigo-ɗigo farare, da farin layi a gefen bayansa. Yana da ƙafafu shida dogaye, da manyan idanu, da muƙamuƙai masu kaifi. Ba ya tashi sama, amma yana da gudu ƙwarai. Ba a rikita shi da buzuzu: buzuzu gajere ne, yana mirgina kashin dabbobi, shi kuwa antiya siriri ne, mafarauci ne. Abincinsa wasu ƙwari ne. Tsutsotsinsa suna girma cikin gidan tururuwa, suna cin ƴaƴanta.

A yi hattara!

Farin ɗigon nan gargaɗi ne ga tsuntsaye da ƙadangaru. Idan an tsokane shi, yakan feso wani ruwa mai zafi daga ƙarshen cikinsa. Ruwan yana ƙona ido. Saboda haka bai kamata yaro ya kama shi da hannu ba, ko ya kai fuska kusa da shi. Idan ruwan ya shiga ido, kada a murza. A wanke da ruwa mai tsabta da yawa, sa'an nan a tafi likita.

Tambayoyi

1. A waɗanne ƙasashe ake samun antiya?
2. Mene ne bambancinsa da buzuzu?
3. Me za a yi idan ruwansa ya shiga ido?