Malamin jami'ar da ya bar New York ya koma gona

Duk mai leƙa TikTok ya san irin bidiyon nan: matashi ya tattara komatsansa ya bar birni, sai ga shi cikin korayen shuke-shuke, kaji na bin sa. Mu kuwa muna ɗakin kwanan ɗalibai, ba wuta, muna cewa "wayyo, ina ma ni ne!"

To, tun kafin zuwan intanet wani Ba'amurke, Wendell Berry, ya yi hakan da gaske. An haife shi a jihar Kentucky a 1934. Yana koyarwa a Jami'ar New York, ga albashi, ga kamfanonin buga littattafai a kusa, amma a 1964 ya ce gida zai koma. Wani babban malami ya ja shi gefe ya ce kada ya kuskura. Bai saurara ba. A 1965 ya tare a 'yar gona mai eka 12 da ya saya a bakin Kogin Kentucky, kusa da ƙauyen Port Royal.

Can ya zauna yana kiwon tumaki, yana huɗa da dawaki maimakon tarakta. Rubutunsa da fensir yake yi, matarsa ta buga masa a tafireta. A 1987 ya rubuta maƙala kan dalilin da ya sa ba zai sayi kwamfuta ba, har wasu masu karatu suka yi masa ca. Littafinsa na 1977, The Unsettling of America, ya nuna yadda noman manyan injuna ya kori ƙananan manoma, ƙauyuka suka zama kufai.

Sai dai ga abin da masu bidiyo ba sa faɗa maka. Berry bai yar da albashi ba. Ya ci gaba da koyarwa a Jami'ar Kentucky har 1977. Kuma ba baƙon wuri ya je ba, yankin da kakanninsa suka yi noma ne.

Don haka ɗan'uwa, kafin ka ce ka gaji da Kano ko Abuja, tambayi kanka: ina filin? Ina kuɗin taki? Me za ka ci kafin kaka? Hanyar gonar ma lafiya ake bin ta?

In amsar ta yi maka nauyi, fara da kaɗan. Hutun daminar nan ka je gida, ka roƙi Baba kunya goma, ka kashe data, ka tafi da biro da littafi. In bayanka ya jure noman farko, sai mu yi maganar ƙaura.