Furen Zuciya: Wanne Ne Zai Rayu a Doha?

Akwai tsirrai biyu da Turawa suke kira da suna ɗaya, wato zuciya mai zubar da jini. Duk wanda zai saya ya kamata ya bambance su, don kada kuɗinsa su tafi a banza.

Na farko shi ne wanda ya fi yawa a hotunan intanet. Furanninsa ruwan hoda ne masu siffar zuciya, suna reto a jere a jikin reshe. Asalinsa daga arewacin Sin da Koriya ne, inda sanyi yake tsanani. Sai saiwarsa ta kwana a ƙasa mai sanyi na tsawon makonni kafin ya yi fure. Sanyinmu na Janairu bai kai haka ba, zafinmu kuwa yana wuce digiri 40. A Yulin 2010 ma ya kai 50.4. Ko an ɓoye shi a inuwa, da wuya ya kai labari.

Na biyu ɗan gida ne. Yana yaɗo kamar wake, kuma asalinsa dazuzzukan Afirka ta Yamma ne, daga Sanagal zuwa Kamaru. Furensa fari ne, da jan baki da yake leƙowa kamar ɗigon jini. Daga Kalaba a Nijeriya aka aika shi Edinbara, aka ba shi sunan kimiyya Clerodendrum thomsoniae a 1862. Wannan sunan za ku nuna wa mai sayar da tsirrai.

Ga yadda ake kula da shi:

1. A dasa shi a tukunya mai huda a gindi, da ƙasar shuka mai taki. Yashin Doha yana da gishiri kuma ba ya riƙe ruwa.
2. A ajiye shi inda hantsi zai taɓa shi, amma ya sami inuwa da azahar.
3. A ba shi ruwa idan saman ƙasar ya bushe. Sau ɗaya a wata a zuba da yawa har ya fita ta ƙasa, don ya wanke gishiri.
4. A kafa masa sanda ko igiya ya hau.
5. Daga Yuni zuwa Satumba a shigar da shi ɗaki kusa da taga, nesa da iskar na'urar sanyaya ɗaki.

Lokacin da ya fi dacewa da dashe shi ne Nuwamba. In ya kama, ku yanki reshe ku sa a kofin ruwa. Zai yi saiwa, ku ba maƙwabta.