Yadda Gonakin Hanyar Gwarzo Suka Zama Fulotai

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ta Ƙofar Kabuga ya miƙa yamma bisa hanyar Gwarzo, zai wuce Janbulo da Rijiyar Zaki, ya gifta ta gaban sabon matsugunin Jami'ar Bayero, ya bar Danbare da Rimin Gata, har ya doshi barikin soja na Janguza, alhali kuwa a tsawon wannan tafiya da ƙyar idonsa zai faɗa kan wani sarari wanda ba a gina shi ba, ko ba a kewaye shi da bulo ba, ko aƙalla ba a kakkafa masa alamun iyaka ba. Dattawan wannan yanki sun riski zamanin da galibin ƙasar gonakin gero ne da dawa da gyaɗa, da kukoki da ɗorawa jefi-jefi a tsakaninsu, zamanin da manomi kan kora jakinsa da asuba da kayan itace zuwa birni, ya komo da mangala cike da taki ya juye a gonarsa. A yau jikokin wannan manomi, in sun zauna hira, ba su lissafin dami nawa gona ta bayar, sai dai fuloti nawa za ta fitar.

Sababi na farko a fili yake, watau yawan jama'a. Lokacin da Baturen nan matafiyi Barth ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta da kamar mutum 30,000, kuma a cikin badala akwai gonaki da fadamu masu yalwa waɗanda ba wanda ya damu da ginawa. Ƙidayar 2006 kuwa ta ba Jihar Kano sama da mutum miliyan 9, kuma ƙaramar hukumar Ungogo kaɗai, wadda Rijiyar Zaki ke cikinta, ta haura mutum 360,000, bayan a ƙidayar 1991 ba ta kai 170,000 ba. Wasu daga cikin waɗannan mutane fari ne ya koro su daga karkara a shekarun 1970 da 1980, wasu kuma fitinar arewa maso gabas ce ta tilasta musu hijira tun daga 2009; amma da yawansu 'yan cikin birni ne tsantsa, waɗanda gidan gado a Yakasai ko Ƙoƙi ko Mandawari ya cika ya batse, aka raba zaure aka yi ɗaki, aka rufe tsakar gida aka yi wani, har ranar da saurayi ya tashi aure aka duba aka ga babu inda za a ajiye amarya, sai dai ya nemi fili a bayan gari.

To, bayan gari fuska huɗu gare shi, kuma kowace fuska da abin da ya ja mutane zuwa gare ta. Abin da ya ja su hanyar Gwarzo shi ne jami'a. Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, kuma da aka soma ƙaura zuwa sabon matsuguni cikin shekarun 1980, sai malamai da ma'aikata suka buƙaci gida kusa da wurin aiki, ɗalibai waɗanda ba su sami gado a ciki ba suka buƙaci ɗakin haya, mai shayi da mai wanki da mai buga takardu suka biyo su. Aka faɗaɗa titi ya zama tagwaye, aka haƙa gadar ƙasa a Kabuga a zangon mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu, tafiyar da a dā ake shiri dominta ta zama ta 'yan mintoci. A nan ne ya kamata mai karatu ya lura da wani al'amari wanda shi ne asalin maganar duka: mai filin da ke bakin wannan titi bai zuba ko cokalin kwalta ba, bai gina aji ɗaya a jami'a ba, bai jawo waya ko bututu ba, amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka, wanda aka yi da dukiyar baitulmali ko da gumin maƙwabta, yana ƙara wa filinsa kuɗi yana barci. Jama'a ce take yin darajar, wanda ya iya jira shi ke kwashe ta.

A bisa doka ma dai ƙasa ba abin sayarwa ba ce a wannan nahiya, kuma wannan tsohon ra'ayi ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi musamman a kan hukuncin ƙasa da sabubban da ke sa mutum ya keɓanta da ita. Da Turawa suka zo, dokarsu ta 1910 ta sanya ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon Gwamna a matsayin amana ga 'yan ƙasa. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta bi sawunta. Sa'an nan dokar amfani da ƙasa ta 1978, ta zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta game Nijeriya baki ɗaya da wannan tsari, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ta yadda abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, wanda ba ya halatta ya mayar da shi ga wani sai da iznin gwamna. Amma akwai wani sashe na dokar wanda manomi ya fi kowane lauya saninsa, ko da bai taɓa karanta shi ba: idan hukuma ta karɓi gona domin maslahar jama'a, diyyar da doka ta wajabta ta shuka ce da itatuwa da gini, ita ƙasar kanta ba a yi mata kuɗi. Saboda haka da zarar manomi ya ga ma'aikatan safiyo suna zagaye a ƙauyen da ke gabansa, ko ya ji ƙishin-ƙishin za a fitar da sabon tsari, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya riga hukuma yanka gonarsa.

Wannan yanka shi ake kira awon igiya. Ana yin sa ne da rani, bayan an kawar da amfanin gona. Mai gona ya zo, dillali ya zo, a kira wakilin mai unguwa da shaidu biyu ko uku, a miƙa igiya ko tef daga kan iyaka, a ƙirga ƙafa 50 a tsaye da ƙafa 50 a kwance, a kafa turke ko a binne bulo a kowace kusurwa, a matsa gaba. Inda ake tsayawa a yi musu shi ne faɗin hanya, kuma lissafin ba mai wuya ba ne. Eka ɗaya, in an yanka ta ba a bar komai ba, tana fitar da irin waɗannan fulotai 17. In kuwa aka ware rubu'inta domin titi da magudanar ruwa, 13 za su rage. Ke nan duk wanda ya ce a bar hanya mai faɗi yana cewa ne mai gona ya yafe kuɗin fuloti 4, dillali ya yafe la'adarsu, domin amfanin mutanen da ba su zo ba tukuna, ba kuma wanda ya san su. Sai a yi sulhu a kan lungun da mota ɗaya za ta ratsa da dabara. Ba a ware wa makaranta wuri, ba a ware wa asibiti ko kasuwa. Masallaci ne kaɗai kan tsira, shi ma domin wani bawan Allah ya sayi fuloti ya yi waƙafi da shi. A rubuta takardar ciniki a sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, a yi fatiha a watse.

Masu saye iri biyu ne, ko da yake mutum ɗaya kan zama duka biyun. Akwai mai neman wurin zama, wanda zai shekara yana tara bulo, ya ɗaga ɗaki biyu ya rufa, ya tare da iyalinsa tun kafin a yi shafe. Akwai kuma mai neman ma'ajiyar kuɗi, ɗan kasuwar Kwari ko Singa ko wani babban ma'aikaci, wanda zai sayi goma a jere, ya zagaye su da katanga, ya manta da su. Irin wannan ba shi da laifi a lissafinsa, gama ya ga abin da ya sami naira: dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haye 1,500 a farkon 2024, buhun siminti ya wuce naira 10,000 a daidai wannan lokaci, kuma wanda ya bar dukiyarsa a banki ya wayi gari fiye da rabinta ya narke. Ƙasa kuwa ba ta ruɓewa, ɓarawo ba ya sungumarta, ba ta cin dusa. Wani kaso mai yawa na abin da ake kira tashin farashin fili, a haƙiƙa faɗuwar naira ce. Sauran kuma maƙwabcin nan mai ɗaki biyu ne ya samar da shi, domin shi ya fara zama a dajin, shi ya yi karo-karo aka sayo turakun lantarki, shi ya sa wurin ya amsa sunan unguwa.

Fuƙaha'unmu na Malikiyya sun daɗe da sanin wannan mutum mai jira, har sun ba shi suna. Sun bambanta tsakanin mudiri, mai jujjuya haja kullum, wanda ke yi wa kayansa ƙima duk shekara ya fitar da zakka, da muhtakiri, mai ajiye haja yana dakon kasuwa ta tashi, wanda ba ya fitarwa sai ranar da ya sayar, sa'an nan ya ba da ta shekara ɗaya ko da kayan sun shekara goma a hannunsa. Sauran mazhabobi ba su yi wannan rarrabewa ba. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Abin da nake nunawa shi ne riƙon kango a Kano abu ne mai arha ƙwarai, ba ya neman komai daga mai shi sai haƙuri, haƙuri kuwa a wannan babi na mai wadata ne.

Manomi ba shi da wannan wadata, magadansa kuma sun fi shi rashinta. Idan mai gona ya rasu ya bar mata da 'ya'ya goma sha, aka fitar da tumunin takaba, aka raba saura namiji rabo biyu mace rabo ɗaya, abin da zai faɗo wa kowa bai isa noma ba, amma ya isa sayarwa. Shari'a ta ba abokin tarayya haƙƙin shuf'a, watau ya karɓi rabon ɗan'uwansa da aka sayar wa bare muddin ba a riga an raba an kafa iyakoki ba, amma da sharaɗin ya biya daidai abin da baren ya biya. Ina kuwa mai noman gero zai sami kuɗin da ɗan Kwari ya taya? Sai kowa ya karɓi nasa. Wani ya sauke farali, wani ya aurar da 'ya'ya, wani ya sayi adaidaita-sahu, mai hangen nesa ya tafi can gaba wajen Rimin Gado ya sayi wata gonar. Ana yawan zarginsu da cewa sun cinye gadonsu, ni kuwa ban ga adalci a wannan zargi ba, domin gonar da gidaje suka kewaye ta riga ta mutu: awaki sun ci, yara sun tattake, shara da leda sun rufe ta. Abin takaici dai shi ne su ne suke sayarwa a farashi mafi ƙasƙanci da wurin zai taɓa gani, kuma ba abin mamaki ba ne bayan 'yan shekaru ka sami ɗan mai gonar yana gadi ko yana tura kurar ruwa a layin da aka yanka daga gonar ubansa.

Inda kuɗi ya yi yawa takarda ta yi ƙaranci, rigima ba ta rasuwa. Fuloti ɗaya a sayar wa mutum biyu, wani magaji ya dawo daga tafiya ya ce ba da yawunsa aka yi ba, maƙwabci ya ture turke da dare ya ci ƙafa uku. Wannan ne ya sa ake ganin katangu an rubuta musu da fenti cewa wannan fili ba na sayarwa ba ne, kuma shi ya sa fuloti mai takardar shaidar mallaka ta gwamnati ya fi maƙwabcinsa mai takardar mai unguwa tsada nesa ba kusa ba, ko da ƙasarsu ɗaya, rana ɗaya ke dukansu. Banki ma na farkon kaɗai yake karɓa jingina.

Wani abin da ke ɗaure kai shi ne farashi yana hawa ko da kayan more rayuwa ba su iso ba. A lunguna da dama na waɗannan unguwanni famfo bai taɓa kawo ruwa ba, sai rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa. Kududdufan da aka haƙa domin ƙasar gini, waɗanda a dā su ke shanye ruwan sama, an cike su da shara an sayar, saboda haka ruwan Agusta yakan nemi hanyarsa ta cikin ɗakunan mutane. Maƙabartu sun cika, kuma sayen filin sabuwa a farashin yau ya fi ƙarfin jama'ar unguwa. Duk da haka mai gida na ƙara kuɗin haya kowace shekara, ɗan haya kuma, in ya gaza, sai ya ƙara matsawa yamma, inda abin da ya rage a haya zai biya shi a kuɗin mota, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023.

Kano ba ta rasa tsari a takarda ba. Tun a farkon shekarun 1960 aka ɗauko wani masani mai suna Trevallion ya zana yadda birnin zai bunƙasa daga 1963 zuwa 1983, kuma har yau akwai hukumar tsara birane ta jiha, wadda ake kira KNUPDA, mai ikon hana kowane gini da ba ta yarda da shi ba. Illa dai igiya ta fi ta sauri, domin fulotan da hukuma ke fitarwa ba su taɓa isar masu nema ba, kuma ba kowa ke da ƙafar samunsu ba. Saboda haka sau da yawa ma'aikatanta kan iso ne bayan an gama gini an tare, su shafa jan fenti a bango. Ranar da gwamnati ta ƙudura fitar da titi a irin wannan unguwa, hanyar da a lokacin awo kuɗinta bai wuce na fuloti 4 a kowace eka ba, sai an rushe gidaje a jere, an biya diyyar bulo da kwano da siminti a farashin ranar, an tayar da iyalai, kana a soma zuba tsakuwa.