Daga Garwa Zuwa Maga: Hanyar da Bindigar Albarushi ke Bi Kafin ta Shiga Hannu

A Amurka mutum yana iya zama a ɗakinsa ya zaɓi bindigar albarushi, irin wadda ake ɗura wa ta baki, ya biya kuɗinta ta intanet, bayan 'yan kwanaki motar kamfanin kai saƙo ta sauke masa ita a ƙofar gida. Samarinmu na Maga, nan Kamaru, suna cin karo da irin wannan talla a wayoyinsu, har wasu kan tambaye ni ko su ma za a iya aiko musu da ita kamar yadda ake aiko takalmi ko agogo. Amsa ita ce a'a. Amma a'a ba tare da bayani ba ba ta kashe ƙishirwar mai tambaya, don haka bari mu bi sawun wannan kaya tun daga tushe.

Da can a Amurka kusan kowace irin bindiga ana iya sayenta ta wasiƙa. Bindigar da aka harbe Shugaba Kennedy da ita a 1963 ta wasiƙa aka yi odarta daga wani kanti a birnin Chicago. A 1968 majalisarsu ta kafa dokar da ta toshe wannan ƙofa: bindigar zamani sai dai a aika ta wurin dillali mai lasisi, mai saye ya je da ƙafarsa ya cika takardu. Sai dai dokar ta ware tsofaffin bindigogin da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, da irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, ta ɗauke su a matsayin kayan tarihi. Su ne ake kai wa mutum har gida, galibi a dogon kwali da ba a rubuta abin da ke ciki ba. Ko a can ɗin ma ba kowace jiha ce ta yarda ba. Jihar New Jersey, alal misali, ba ta bambanta su da sauran bindigogi.

Abin lura a tsarin nasu shi ne bindiga da albarushi ba sa tafiya tare. Gidan waya ba ya karɓar albarushi sam. Kamfanoni masu izinin dakon kaya masu haɗari ne ke ɗaukarsa, ta mota ba ta jirgin sama ba, da ƙarin kuɗi, kuma sai baligi ya sa hannu kafin a miƙa. Wannan sassauci duka na cikin gidansu ne. Da zarar kaya ya nufi ƙetare, dokar ƙasar da zai shiga ce ke magana, kuma ƙa'idar gidajen waya ta duniya ta haramta saka abin fashewa cikin saƙo.

Mu a wannan yanki bindigar albarushi ba baƙuwa ba ce. Tun a ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno yake da rundunar masu harbi da Turkawa suka horar, kayansu kuwa ta Sahara suke zuwa, daga Tarabulus ta Fezzan da Bilma, a bayan raƙuma. A ƙarshen 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, wato wannan ƙasa da Maga da Fus suke a kai yau, ya ga yadda aka ƙone garuruwa aka kwashi mutane bayi. Duk lokacin da na tsaya a kan madatsar ruwan Maga na dubi gonakin shinkafa, nakan tuna cewa farkon abin da bindiga ta kawo wa wannan ƙasa ba farauta ba ce, hawaye ne.

Hanya ta biyu ita ce ta ruwa. Maƙeran Birmingham a Ingila da na Liège a Beljiyam sun yi shekaru suna ƙera bindigogi masu ƙanƙara musamman don kasuwar Afirka. Akan jera su cikin dogayen akwatunan katako, albarushi kuma a ƙananan ganguna, a loda a jirgin ruwa zuwa gaɓar teku. Bayan da jirgin Bature Baikie ya hau kogin Binuwai a 1854, kamfanonin Turawa suka gane cewa kogin hanya ce: daga bakin teku zuwa Lakwaja, daga nan Yola, har Garwa. Sai dai Binuwai ba ta ɗaukar manyan jirage sai tsakiyar damina in ta cika. Wanda kayansa bai samu jirgin bana ba, sai ya jira baɗi. Daga bakin kogi kuma fatake ne da jakuna da 'yan dako ke watsa kayan Turawa zuwa Marwa da gaɓar Logon.

A 1890 ƙasashen Turai suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Brussels, wadda ta shafi wani makeken yanki na Afirka da ya haɗa da ƙasarmu. Ta ce duk makamin da ya shigo a ajiye shi a ma'ajiyar hukuma, kuma abin da za a fitar a sayar wa 'yan ƙasa shi ne bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa kaɗai. A baki an ce don a kashe cinikin bayi ne. A aikace kuwa Bature ya riƙe mai jigida, ya bar mana harba-ka-ruga. Sakamakon bai jima ba: Rabe ya faɗi a Kusuri a 1900, Ingilishi suka ci Yola a 1901, Jamusawa suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu a Garwa a wannan shekara, sannan a Marwa a farkon 1902.

Tun daga wancan zamani bindiga ta zama kayan takarda: ba ta motsi sai da izini. Hanyoyin kaya sun canja, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, madatsar Lagdo da aka gama a 1982 ta rage ƙarfin tashar ruwan Garwa, yanzu kaya daga Duwala ta jirgin ƙasa da manyan motoci suke zuwa. Amma sharaɗin bai canja ba. Dokar Kamaru ta 14 ga Disamba 2016 kan makamai da harsasai ta wajabta izinin hukuma kafin a shigo da bindiga, ko a saya, ko a riƙe. Izinin bindigar farauta daga ma'aikatar harkokin cikin gida yake fitowa, takardar farauta kuma daban take, ta ma'aikatar gandun daji ce. A 2018 ministan cikin gida, Paul Atanga Nji, ya dakatar da sayar da bindigogi da harsasai a jihohi shida, har da Adamawa. Kwalin da ya sauka Duwala ba takarda, kwastan ne za su riƙe shi, mai sunan da ke jikin kwalin kuma shi zai amsa tambaya.

Na san dalilin da ya sa mutane ke neman bindiga a nan. Tun da aka gina tafkin Maga a 1979 don noman shinkafar kamfanin SEMRY, manomi yake fama da tsuntsayen jan-baki da dorinar ruwa da ke fitowa da dare ta tattake gona. Daga 2014 zuwa yau 'yan sintiri a wajajen Mora da Kolofata sun tsare garuruwansu da kwari da baka da bindigogin maƙera. Ba na raina buƙatar kowa. Amma bindigar Birmingham sai da aka gwada ƙarfinta a gidan gwaji da aka kafa tun 1813, aka buga mata hatimi. Wadda aka haɗa da bututun ruwa a bayan gari ba wanda ya gwada ta sai mai harbinta, kuma in ta fashe, yatsunsa da idanunsa ne kan gaba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda albarushi ke tafiya a hanyoyinmu. Ana ƙulle shi a leda, a cusa cikin buhun hatsi, a ɗora a motar haya daga Marwa zuwa Maga, kusa da jarkar fetur, ga zafin bazara, ga mai busa taba a kujerar baya. Albarushi ba ya buƙatar komai sai tartsatsi ɗaya. Direba bai sani ba, mai goyo da ke zaune a kan buhun ba ta sani ba. Wannan ba dabara ba ce, ɗaukar alhakin rayuka ne.

Don haka ina kira ga maharba da manoma da shugabannin tasha. Wanda ke da buƙatar bindiga ta halal ya fara da ofishin hukumar gundumarsa, ya tambayi takardun da ake nema, ya saya a wurin dillali mai izini. Kada kowa ya tura kuɗinsa ga wanda ya yi masa alkawarin kawo bindiga ta saƙo daga waje, domin ƙarshen cinikin asara ce ko kurkuku. 'Yan kamasho su riƙa tambayar abin da ke cikin ƙunshi kafin su ɗora. Mai tsohuwar bindigar gado kuma ya ajiye ta babu ɗuri, albarushi a wani wuri daban, nesa da murhu da hannun yara. Rigakafi ya fi magani.