Wasan Ƙwarya: Yadda Mu Ke Koya Wa Yara Ladabin Zance

Dattawan zango da 'yan kasuwa, ku da kuka ba mu amanar 'ya'yanku, ga wani abu da ya kamata ku sani.

A da, saurayi ba ya ganin budurwa sai a zauren ubanta, da sanin manya. Yanzu kuwa zance ya koma cikin wayar hannu, ba mai ji, ba mai gani. Nasiha kuma in ta yi tsawo, sai ta bi ta bayan kunne. Saboda haka muka ƙago wani wasa a makarantarmu ta Kumasi domin manyan almajirai, maza daban, mata daban wurin malama.

Mu kan rubuta mas'aloli da ajami a 'yan takardu, mu zuba a ƙwarya. Yaro ya zaro guda, ya karanta. Wanda ya ga abin mutunci ne ya koma dama, wanda ya ga cuta ce ya koma hagu, sa'an nan kowa ya faɗi hujjarsa. Misali, saurayi ya aika wa waliyyi kafin ya soma zuwa. Ko ya ƙwace wayarta yana bincike, wai kishi. Ko ya nemi hoton da ba ta iya nuna wa uwarta. Ko yarinya ta karɓi toshin mutum uku.

Gardama ta fi zafi a kan toshi, domin wasu samari suna tsammani wanda ya kashe sidi ya sami iko. Sai mu buɗe musu Risala, su ga aure yana bukatar waliyyi da sadaki da shaidu biyu. Toshi ba sadaki ba ne, ba ya sayen kowa. Mu kan kuma gaya musu dokar Gana ta 1998 ta hana tilasta wa yaro ko yarinya baiko, ta ajiye shekarun aure a kan 18, ta 2020 kuwa ta sa hukunci a kan mai watsa hoton tsiraicin wani.

Takarda ta ƙarshe ita ce mai nauyi: in wani ya matsa miki, wa za ki gaya wa? Nan ne wuri kan yi tsit, kunya da tsoron duka sun rufe baki. To, jama'a, wannan amsa ba ta wurin malam, tana gidajenku. In 'yarka ta kawo kuka, ka saurara tukuna kafin faɗa. In ɗanka ya soma zance, ka tambaye shi gidan wa, ka aika.

Allah Ya shirya mana zuriya, amin.